Yadda Ake Bin Diddigin Asalin Kalma a Harshen Ido, Mataki Bayan Mataki

Tun da na fara kawo misalan kalmomin Ido a rubuce-rubucena, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini: "Malam, ta yaya kake gane inda kalma ta samo asali?" Wasu sun ɗauka akwai wani littafi guda da nake buɗewa in kwafo amsa. Ba haka ba ne. Hanya ce ake bi, kuma duk mai waya da ɗan haƙuri zai iya binta.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba, wannan Ido ba idon gani ba ne. Ƙirƙirarren harshe ne da aka fito da shi a birnin Paris a 1907, a matsayin gyararren Esperanto, wani ƙirƙirarren harshe da ya riga shi, kuma sunan ya fito ne daga ɗafa-ƙeyar *-id-* mai ma'anar ɗa ko zuri'a. Idon gani kuwa *okulo* suke ce masa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu fara. Kalma irin "sabulu" ta shigo Hausa ne ta bakin fatake da malamai, babu wanda ya zauna ya zaɓe ta. Kalma a harshen Ido kuwa zama aka yi aka zaɓe ta, bayan an auna harsuna shida: Jamusanci, Turanci, Faransanci, Italiyanci, Rashanci da Sifaniyanci. Saboda haka idan ka ce "daga Faransanci take" ka yi shiru, rabin aiki ka yi. Sai ka san harsuna nawa suka goyi bayanta, me ya sa aka ba ta wannan siffar, da kuma inda su harsunan suka samo ta.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Na farko ƙamus ɗin L. H. Dyer na 1924, ɓangaren Ido zuwa Turanci. Yana nan kyauta a intanet, kuma gara ka sauke shi a wayarka sau ɗaya ka huta da cin data. Na biyu Wiktionary, ƙamus na intanet, na Turanci da na Ido ɗin kansa wanda suke kira Wikivortaro. Na uku ƙamus ɗin Esperanto, Reta Vortaro ya isa. Na huɗu ƙamus mai bayanin asalin kalmomi na ɗaya daga cikin harsunan shida. Wanda ya yi boko a Najeriya Etymonline zai fi masa sauƙi, wanda ya yi a Nijar kuwa ya nemi shafin CNRTL na Faransanci, wanda a ganina ya fi zurfi. Sai littafin rubutu da biro. Kada ka raina su, domin a allon waya ba za ka iya jera harsuna shida ka kalle su lokaci ɗaya ba.

Ban da data babu abin da za ka biya. Kalma mai sauƙi kwata ɗaya na awa ya ishe ta, mai taurin kai tana iya cinye maka yammaci.

Gargaɗi wajen bincike: idan ka rubuta "Ido" kaɗai, za a kawo maka ƙaramar hukumar Ido ta jihar Oyo da maganin ciwon ido. Rubuta "Ido linguo", ko ka tuna cewa lambar harshen a shafukan Wikipedia da Wiktionary ita ce *io*.

1. Tabbatar kalmar ta Ido ce

Ido da Esperanto kamar wa da ƙane suke, kuma mutane da yawa sun ɓata lokaci suna neman kalmar wannan a ƙamus ɗin wancan. Duba jimlar da ka tsinci kalmar a ciki. Idan ka ga haruffa masu hula irin ĉ, ĝ, ŝ, ko jam'i mai ƙarewa da *-oj*, ko kalmar *kaj*, Esperanto ne. Ido haruffa 26 na boko yake amfani da su ba hula, jam'insa da *-i* yake ƙarewa, aikatau da *-ar*, kuma "da" ɗinsa *e* ne ko *ed*.

Hattara a nan: manhajojin fassara sukan ɗauki rubutun Ido a matsayin Esperanto su ba ka ma'anar da ba ita ba. Ni kaina na taɓa fassara *dio* da Ubangiji a wata jimla, domin haka take a Esperanto, na yi ta juya jimlar ta ƙi zama. A Ido *dio* yini ne, kwana guda na awa 24, daga Latin *dies* da Sifaniyanci *día*. Ubangiji *Deo* ne. Harafi ɗaya ne tsakani, amma da na ci gaba a kan kuskuren da duk bincikena ya tafi wata hanya dabam.

2. Fere kalmar har ka kai saiwa

Asali na saiwa ne, ba na ɗafi ba. Fara da ƙarshen nahawu: *-o* suna, *-i* jam'i, *-a* sifa, *-e* bayanau, *-ar*, *-ir*, *-or* aikatau, sai *-as*, *-is*, *-os*, *-us*, *-ez* na lokuta da umarni. Cire shi. Sannan ka duba ko akwai ɗafa-ƙeya ko ɗafa-goshi.

Bari mu ɗauki kalma ɗaya mu yi ta tafiya da ita har ƙarshe. A ce ka ci karo da *kavalini*. Cire *-i* na jam'i, saura *kavalin*. Cire *-in* na mace, saura *kaval*. To ka iso saiwa: *kavalo*, doki. *Kavalini* goɗiyoyi ke nan. Daga wannan saiwar ake samun *kavalulo* ingarma, *kavalyuno* dukushi, *kavaleyo* barga. Mu a Hausa kowannensu da sunansa na kansa, su kuwa saiwa ɗaya ce ake canja mata wutsiya, don haka bincike ɗaya ya wadatar da dukkansu.

Ɗafe-ɗafen da za ka fi haɗuwa da su ba su da yawa: *-ul* namiji, *-in* mace, *-ey* wuri, *-il* abin aiki, *-ist* mai sana'a, *-et* ƙarami, *-eg* babba, *-ar* taro, *-es* kasancewa, *-iz* sanya wa abu, *-oz* cike da, sai *des-* na kishiya da *ri-* na maimaici a gaba.

Babban kuskure a wannan mataki shi ne wuce gona da iri wajen fira. *Kolo* wuya ne, *-eg* kuma babba, amma *kolego* ba ƙaton wuya ba ne, abokin aiki ne, saiwarsa *koleg* cikakkiya. *Mashino* na'ura ce, ba macen *masho* ba, wato idon raga. *Destino* ƙaddara ce, *des* ɗinta ba na kishiya ba ne. Gwajin shi ne ma'ana: idan ka cire ɗafi abin da ya rage bai haɗu da ma'anar kalmar ba, mayar da shi inda ka ciro shi. Haka kuma *kavalrio*, rundunar mahaya, da *kavalkar*, hawan doki, dangin *kavalo* ne ta asali, amma a cikin Ido kowace saiwa ce mai zaman kanta, babu ɗafin *-ri* ko *-k* da ya haife su.

3. Buɗe Dyer ka karanta haruffan ƙarshe

Dyer yana raba saiwa da ƙarshenta da ɗan karan ɗori, kamar *kaval-o*, wannan kaɗai zai tabbatar maka ko firarka ta yi daidai. Abin da ya fi muhimmanci yana ƙarshen bayanin kalma, inda za ka ga haruffa irin DEFIRS. Kowane harafi harshe ne: D Jamusanci, E Turanci, F Faransanci, I Italiyanci, R Rashanci, S Sifaniyanci. Idan duk shidan sun bayyana, kamar a kalmomi irin *naciono* ko *telefono*, saiwar tana cikin dukkansu. Idan uku ne, ukun nan za ka fara bi.

Kwafi haruffan yadda suke a littafinka. Amma kada ka ɗauke su a matsayin amsa. Suna gaya maka inda saiwar take ne, ba su ce daga can aka ɗauko siffarta ba, ba su kuma nuna maka kalmar harshen ba. Sannan ƙamus ɗin na 1924 ne, kalmomin da suka shigo bayansa sai a Wikivortaro. Idan ka ga tauraro manne da kalma a rubutun Ido, alama ce cewa ba a amince da ita a hukumance ba tukuna, don haka kada ka wahalar da kanka nemanta a tsohon ƙamus.

4. Jera harsuna shida a takarda

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne masu gaggawa suke faɗuwa.

Ja layi shida. A kowane layi rubuta yadda harshen yake faɗin ma'anar. Ga doki: Italiyanci *cavallo*, Sifaniyanci *caballo*, Faransanci *cheval*, Turanci *horse*, Jamusanci *Pferd*, Rashanci *loshad*. Kallo ɗaya za ka ce uku ne suka yarda, uku suka ƙi.

Yanzu koma kan ukun da suka ƙi, ka tambayi kowannensu ko yana da wata kalma mai alaƙa da doki wadda take ɗauke da *kaval*. Bature yana da *cavalry*, Bajamushe yana da *Kavallerie*, mutumin Rasha yana da *kavaleriya*, duk rundunar mahaya dawaki. Shi kansa Bafaranshe mai cewa *cheval* yana da *cavalier* da *cavalerie*. Ka ga ashe babu ko ɗaya cikin shidan da saiwar ta zama baƙuwa gare shi. Wannan shi ne lissafin da su Louis Couturat da Otto Jespersen, na cikin masanan da suka tsara Ido, suka yi aiki da shi: a ɗauki siffar da mafi yawan mutane za su gane, ko da ta hanyar 'yar'uwar kalma ce.

Wanda bai yi wannan zagaye na biyu ba, kalmomi da yawa za su ɗaure masa kai. Ɗauki *lektar*, karantawa. Babu harshe ɗaya cikin shidan da aikatau ɗinsa na karatu yake haka: *lire*, *leggere*, *leer*, *read*, *lesen*, *chitat*. Amma duba sunayen da suka fito daga aikatau ɗin Latin *legere*: Faransanci *lecture*, Sifaniyanci *lectura*, Jamusanci *Lektüre*, Rashanci *lektsiya*. *Lekt* ne yake yawo a cikinsu. Ko *milito*, yaƙi. Ba *guerre* ba, ba *Krieg* ba, ba *war* ba, amma duk shidan suna da kalmar harkar soja mai farawa da *milit*. Ko *manuo*, hannu, wanda *u* ɗinsa za ka same shi a *manual* da *manuel*.

Gargaɗi biyu a wannan mataki. Na farko, kama ba ta zama dangantaka. *Kolda* sanyi ne, daga Turanci *cold* da Jamusanci *kalt*, ba ruwansa da *caldo* na Italiyanci wanda ma zafi yake nufi. Na biyu ya shafe mu kai tsaye. Kunnen Bahaushe zai ji *ni*, *me*, *da*, *sama*, *kara* a Ido ya ji kamar gida. *Ni* a can "mu" ne, *me* shi ne "ni", *sama* "iri ɗaya", *kara* "abin ƙauna". Haɗuwar sauti ce kawai, kada ka gina komai a kai.

Kuma ba kowace kalma ce take da magoya baya da yawa ba. *Darfar*, samun izinin yin abu, Jamusanci ne tsantsa, daga *darf*. *Komprar*, saye, na Italiyanci da Sifaniyanci ne. Idan layi ɗaya ko biyu kaɗai suka cika, ba kuskure ka yi ba.

5. Warware rubutun

Ido yana rubuta kalma yadda ake furta ta, don haka wani lokaci rubutun ne yake ɓoye maka abin da ka riga ka sani. Gwada waɗannan sauye-sauyen da baya: *k* ka mayar da ita *c* ko *ch*, *f* ka gwada *ph*, *t* ka gwada *th*, *y* ka gwada *j* ta Jamusanci, baƙi ɗaya ka ninka shi. Da haka *kemio* zai koma *chemie*, *yaro* ya koma *Jahr* da *year*, *ucelo* ya koma *uccello*, tsuntsu a Italiyanci. Ka kuma tuna cewa *c* a Ido kamar "ts" ake furta ta, ba "c" ɗin "ciki" ba. Wannan sautin *ch* ne a wurinsu.

6. Kwatanta da Esperanto

Kaso mai yawa na kalmomin Ido gado ne daga Esperanto, wanda Zamenhof ya ƙirƙira ya fitar a 1887. Tsallake wannan mataki shi ne kuskuren da na fi gani a bayanan da mutane suke rubutawa. Nemi ma'anar a Reta Vortaro, abu uku za ka iya tararwa.

Ko dai kalmar iri ɗaya ce, kamar *hundo* kare, *domo* gida, *pano* burodi. A nan gaskiyar magana ita ce ta Esperanto ta biyo, sai ka rubuta hakan kafin ka ambaci Jamusanci *Hund* ko Latin *domus*.

Ko kuma an taɓa ta kaɗan. Dokinmu a Esperanto *ĉevalo* ne, Faransanci zalla. Ido ya mayar da shi *kavalo* don ya dace da sauran harsunan. Haka *ĝardeno*, lambu, ya zama *gardeno*, ya matso kusa da *garden* da *Garten*. *Akvo*, ruwa, ya zama *aquo*, *lingvo*, harshe, ya zama *linguo*.

Ko kuma an jefar da ita gaba ɗaya an kawo sabuwa, kuma waɗannan su ne suka fi daɗin bincike. Esperanto yana gina kishiya da *mal-*: *granda* babba, *malgranda* ƙarami. Masu Ido sun ga abin ya yi yawa a kalmomin yau da kullum, sai suka nemo saiwoyi dabam: *mikra* daga Girkanci *mikros*, wanda kowa ya sani ta *mikroskopo*, *kurta* gajere, *apertar* buɗewa, *sinistra* hagu. *Patrino*, wato macen uba, ta zama *matro*. *Lernejo* ta zama *skolo*. Ƙananan kalmomin tambaya da nuni kuwa Latin aka koma: *qua* wa, *ube* ina, *ibe* can, *hike* nan, *omna* duk, daga *ubi*, *ibi*, *hic*, *omnis* da 'yan'uwansu.

Idan ka ga harafin da babu shi a ko ɗaya daga harsunan tushe, zargi gudun karo. Latin yana da *porta* ƙofa, *portare* ɗauka, *portus* tashar jirgin ruwa. Da an bar su haka, saiwa ɗaya ce za ta ɗauki ma'ana uku. A Ido sai ka tarar da *pordo*, *portar*, *portuo*. *D* ɗin *pordo* tun daga Esperanto yake. Ka lura kuma *lego* doka ce a Ido, wanda ya ƙara wa *lektar* dalilin zama yadda yake.

7. Bi ta bayan harsunan shida

Yanzu ɗauki kalmar harshen da ta fi kusa, ka kai ta ƙamus ɗin asali. *Cheval*, *cavallo* da *caballo* duk za su kai ka Latin *caballus*, dokin aiki a bakin talakawa, wanda ya ture *equus* na littattafai. Daga nan masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da inda Latin ya samo shi, to nan za ka ajiye biro. Tsayawa inda hujja ta tsaya yana cikin aikin.

A hanya za ka koyi wata ƙa'ida mai amfani: *ca* na Latin yakan koma *cha* ko *che* a Faransanci. Shi ya sa Ido yake da tagwaye irin *kapo* kai da *chefo* shugaba, dukkansu daga *caput*, ɗaya ta Italiyanci ɗaya ta Faransanci.

Kada ka ɗauka kowace hanya Latin za ta ƙare. *Gardeno* yana cikin Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci, amma asalinsa daga harsunan Jamusawa ne. Wasu hanyoyin kuma za su kawo ka har ƙofar gida. Gwada *sukro*, sukari. Faransanci *sucre*, Italiyanci *zucchero*, Jamusanci *Zucker*, Turanci *sugar*, duk suna komawa Larabci *sukkar*, shi kuma daga Farisanci *shakar*, daga Sanskirit *sharkara*. Sifaniyanci *azúcar* har da "al" ɗin Larabci ya haɗiye, kamar yadda muka yi a alƙalami da albasa. Rashanci *sakhar* ya bi ta Girkanci. Sukarinmu daga wannan *sukkar* ɗin yake, "suga" kuma ya zagayo ta bakin Bature. *Kafeo* ma haka: ta Italiyanci da Faransanci zuwa Turkanci *kahve*, zuwa Larabci *qahwa*, inda gahawa ta fito. Irin wannan ita ce dangantaka ta gaskiya tsakanin Hausa da Ido, domin kana iya nuna kowane zango da yatsa, ba irin ta *ni* da *sama* ba.

8. Nemi dalilin zaɓe, sannan ka rubuta

Idan har yanzu siffar kalmar tana damunka, akwai mujallar *Progreso*, wadda Couturat ya fara fitarwa a 1908. A fitowarta ta shekarun farko, zuwa 1914 da ya rasu, ana buga muhawara kan kalmomi da hukunce-hukuncen majalisar harshen, masu lamba. Wasu bayanan Wiktionary suna ambaton lambar hukunci da kundin da yake ciki. Idan ka samu, bi shi. Sai dai da Ido aka rubuta yawancinsa, don haka wannan mataki na wanda ya ɗan fara jin harshen ne. Kuma Wiktionary 'yan sa-kai ne suke rubuta shi, duk abin da ka gani a can gwada shi da jerin harsunanka kafin ka kwafa.

Wajen rubutawa, bi tsarin da ka bi wajen bincike, kuma ka raba abin da ka gani a ƙamus da abin da ka yi hasashe. Na biyun ka sa masa "mai yiwuwa". Ga yadda shafin dokinmu yake a littafina:

*Kavalini*: saiwa *kaval*, da *-in* na mace, da *-i* na jam'i, goɗiyoyi. Ya maye gurbin Esperanto *ĉevalo*. Kai tsaye daga Italiyanci *cavallo* da Sifaniyanci *caballo*, ɗan'uwan Faransanci *cheval*. Turanci da Jamusanci da Rashanci sun san shi ta sunan rundunar mahaya. Duka daga Latin *caballus*. Dangi a cikin Ido: *kavalkar*, *kavalrio*, *kavaliero*.

Idan kana son gwaji na farko, ɗauki *skribilo*, sannan *desfacila*, sannan *morge*. Ta farko ɗafi ɗaya za ka cire, ta biyu ɗafin yana gaba, ta ukun kuwa layin Jamusanci zai ba ka amsa kai tsaye, amma ka duba layin Turanci sau biyu kafin ka bar shi fayau.